Unguwa Ta Riga Hukuma Sani

A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka sanar da kama wani mutum a Kwanar Dangora, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya. Kusan shekara guda mutanen garin suka yi cikin zullumi, domin akwai mai haura katanga cikin dare yana afka wa mata a ɗakunansu, har laƙabi aka sa masa, wai Mai Siket. 'Yan sanda sun ce mata 40 ya yi wa fyaɗe, daga yarinya 'yar shekara 10 har tsohuwa mai shekara 80. Ba wani dogon bincike ne ya kai ga kama shi ba. Wata uwa ce ta tarar da shi a ɗakin 'ya'yanta, ya zura da gudu, maƙwabta suka rufa masa baya har suka cim masa.

An yaba wa maƙwabtan nan, kuma sun ci yabo. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne watannin da suka gabaci wannan dare. Gida nawa aka wayi gari an san abin da ya faru, aka share wa yarinya hawaye, aka ja mata kunne kada ta kuskura ta faɗa wa kowa? Mutanen da suka iya damƙe shi a dare ɗaya su ne dai mutanen da abin ya shekara yana yawo a tsakaninsu.

Duk wanda ya tashi a unguwa ya san ba a ɓoye wa maƙwabci kuka. Katanga ɗaya ce tsakani, tsakar gida a buɗe take, yara na shiga ko'ina. Matar da ake duka, maƙwabciyarta ta san ranar da aka fara. Mai kitso ta ga tabon a wuyanta. Mai kemis ya san gidan da ake aikowa sayen man zafi duk mako. Malamar Islamiyya ta lura da yarinyar da ta daina magana, ta koma zama can ƙarshen tabarma. Hukuma kuwa, in ma za ta ji, ita ce ta ƙarshe. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya na gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa, fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba, waɗanda suka nema kuwa mafi yawansu wajen danginsu suka je. Ke nan ƙarar farko a gaban uwa ake shigar da ita, ko gwaggo, ko yaya, daga nan sai zauren mai unguwa ko gaban liman. Abin da waɗannan mutane suka yanke a daren farko shi ke zama hukunci, domin galibi maganar ba ta wuce nan.

Bari mu shiga zauren mu ga yadda ake yi. Yarinya ce 'yar shekara 9, an aike ta sayo magi a shagon bakin layi, ta daɗe ba ta dawo ba, da ta dawo kuma da kyar take ɗaga ƙafa. Uwar ta duba ta gane. Abin da tausayi zai fara sa ta yi shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa mata jiki, ta wanke kayan da ke jikinta. Uban ya dawo daga kasuwa, ransa ya ɓaci, ya nufi gidan mai unguwa. Kafin isha'i an tara dattawa. Mai shagon ɗan unguwa ne, mahaifinsa ba ya rasa sahun gaba a masallaci, shi kansa yana da mata da 'ya'ya. Sai a fara. A yi haƙuri, ƙaddara ce, sharrin shaiɗan ne. Wani ya ce in maganar nan ta fita sunan yarinyar ne zai ɓaci, gobe wa zai aure ta, wa zai nemi ƙannenta? Wani ya kawo falalar rufa asirin Musulmi. A yanka wa mai laifin kuɗin magani, a sa shi ya rantse ba zai sake ba, in abin ya yi tsanani a ce ya tashi daga unguwar. A shafa fatiha a watse. Uwar ba ta cikin zauren. Tana ɗaki tana riƙe da 'yarta, sai dai a shigo mata da abin da aka yanke.

Ban ɗauki dattawan nan a matsayin mugaye ba. Tsoron da suke ji na gaske ne, kuma su ba su ƙirƙiro shi ba. Sun ga yarinyar da aka yi ta nunawa da baki har iyayenta suka mayar da ita ƙauye. Sun ga uban da ya kai ƙara aka ce ya kawo kuɗin mota, ya kawo kuɗin fayil, ya biya kuɗin takardar likita. Sun san kotun majistare ba ta da hurumin yanke shari'ar fyaɗe, sai dai ta tsare wanda ake zargi a jira shawarar ma'aikatar shari'a kafin a tafi babbar kotu, kuma wannan jira kan ci watanni. Mai neman na yau da gobe, duk zaman kotu ɗaya yini ɗaya ne da gidansa ba a ɗora tukunya ba. Ana cikin haka sai a ga mutumin ya dawo layin da beli, yana wucewa ta ƙofar gidan. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ce a kashe maganar a gida, ba hauka ya yi ba.

Sai dai lissafin nasu ya manta da mutum biyu. Ya manta da yarinyar, wadda aka koya mata a daren nan cewa abin da aka yi mata bai kai mutuncin mai shago ba. Ya kuma manta da yarinyar da ke gaba. Cewa mutum ya tashi daga unguwa ba hukunci ba ne, tura shi aka yi wata unguwar inda ba wanda ya san halinsa, ya buɗe sabon shago kusa da wata makarantar. Maganar rufin asiri kuma malamai sun daɗe da bambance ta: zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, zaluncin da aka yi wa wani daban, balle wanda ake tsoron a sake yi wa wasu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda aka tilasta ba ta da laifi ko kaɗan, haddi na kan wanda ya tilasta ta, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Alƙali Ibnul Arabi na Andalus ya tafi a kan cewa ƙwace mace da ƙarfi fashi ne, har ya fi fashin dukiya muni. Babu limamin da zai yarda a tara dattawa a sasanta da ɗan fashi a kan kuɗin magani. Haka nan masu cewa ai sai da shaidu huɗu, su sani babbar kotun jiha ba ta neman wannan a shari'ar fyaɗe. Bayanin yarinyar, da rahoton likita, da abin da maƙwabta suka gani, duk hujjoji ne.

A nan ne ruwan zafin da uwar ta dafa yake zama abin baƙin ciki. Da ta sani, da ta naɗe kayan nan yadda suke ta ajiye, ta ɗauki 'yarta zuwa asibiti kafin a yi mata wanka. Maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, ga wadda ta balaga, ba ya wuce kwana 5. Kwanakin nan su ne daidai kwanakin da ake ɓatawa ana kai gwauro ana kai mari tsakanin gidan mai unguwa da gidan iyayen mai laifi. Ga shi kuwa akwai wuraren da aka buɗe musamman domin wannan. Tun da aka kafa cibiyar Mirabel a Legas a 2013, irinta sun ƙaru: akwai Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, akwai cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, akwai cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Ana duba mutum, a ba shi magani, a rarrashe shi, a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Sun yi kaɗan ƙwarai, kuma duk a manyan garuruwa suke. Amma ko a cikin birnin, mata nawa ne a lungu suka taɓa jin sunansu? Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a sanar a kowace Islamiyyar matan aure da kowane gidan suna, da awa 72 ɗin nan zan zaɓa.

Ta fuskar doka ba a zauna ba. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, akwai dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda da farko Abuja kaɗai ta shafa sai jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A 2019 aka buɗe kundin sunayen masu laifin fyaɗe na ƙasa a ƙarƙashin hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, a shekarar da matasan Arewa suka cika shafukan sada zumunta da labaransu a ƙarƙashin #ArewaMeToo. A Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumbar wannan shekara Gwamna El-Rufa'i ya sa hannu kan dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe a Kaduna. Na fahimci fushin da ya haifi wannan doka, ina ma jin sa. Amma ina da shakka a kan amfaninta. Mai yi wa yaro wannan aika-aika yawanci ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko mijin uwa, ko ɗan maƙwabta, ko malami. Idan dangi suka san kai ƙara na nufin a kashe ɗansu, ƙofar za su ƙara rufewa, matsin kuma a kan uwar yarinyar zai sauka. Abin da ke tsorata mai laifi shi ne ya tabbata za a kai shi kuma za a hukunta shi. Mun ga haka a shari'ar wata yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disambar 2021 ya kashe ta: gari ya tsaya a kan maganar, gidajen rediyo ba su saki ba, zuwa Yulin 2022 an yanke hukunci. Kotun da ta yi wannan saurin ita ce dai ke da ɗaruruwan fayiloli da ba mai leƙa su.

Dukan mata kuwa wani babi ne, kuma a nan ne nake ganin mun yi asarar abin da muke da shi a hannu. Bahaushe bai bar matar aure ba mafita ba. Akwai yaji. Mace in an ƙuntata mata takan ɗauki mayafinta ta tafi gidansu, ta zauna, sai miji ya aiko manya biko, a zaunar da shi a titsiye shi, a gindaya masa sharaɗi kafin ta koma. Kunyar zuwa biko kaɗai ta isa ta sa namiji ya riƙe hannunsa. Yau fa? Ta iso gida da kumburarren ido, uban da ke fama da ciyar da mutum goma ya ce ta koma kafin magariba, uwar ta raka ta bakin ƙofa tana cewa zaman aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka yi. Wata kuma an kai ta aure Legas ko Fatakwal, ba ta da kowa, ba ta da kuɗin mota. Maƙwabta na ji, sai su ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Wannan magana ta ƙarshe ba ta da gindi a fiƙihun da alƙalanmu ke hukunci da shi. A Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, mace na da haƙƙin alƙali ya raba aurenta saboda cutarwa, ba tare da ta biya ko kwabo na hul'i ba, kuma in ta riga ta biya don ta tsira daga cuta, ana mayar mata da dukiyarta. Cutarwar kuwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta. Idan mace ta yi ta kawo ƙara ba ta da shaida, alƙali kan sa a zaunar da ma'auratan cikin mutanen kirki domin su sa ido su gaya masa gaskiya, in abin ya ci tura a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. A duba da kyau: shari'a ta ɗora tsaron matar aure a kan kunnen maƙwabci. Mutumin da ya ji ihu ta bayan katanga ya ƙara ƙarar rediyonsa, ya sani shaida ce ya ɓoye. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya daɗe yana faɗa a kan dukan mata, tun 2017 da ya kawo batun dokar iyali ya kuma gargaɗi masu riƙe da sarauta cewa mai dukan matarsa zai rasa rawaninsa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan salon maganarsa, amma ban ji wanda ya kawo hujjar cewa fasa wa mace baki ladabtarwa ce ba.

Ba ina cewa a rushe sulhu ba. Sulhu na da muhallinsa, kuma faɗinsa da yawa: rikicin cefane, faɗan kishiyoyi, tsoma bakin uwar miji, rabon kwana, kuɗin makarantar yara bayan saki. Hukumar Hisbah ta Kano, wadda doka ta kafa a 2003, tana kashe irin waɗannan wutar kullum, haka masu unguwanni da limamai, kuma da za a kwashe su duka a kai kotu da kotunan sun durƙushe. Abin da ake bukata shi ne iyaka da kowa ya sani. Inda aka zubar da jini, ko aka karya ƙashi, ko aka shaƙe wuya, ko aka ɗauko wuƙa, ko aka taɓa yaro, zaure ba shi da hurumi. Aikinsa a nan shi ne ya fitar da wanda ake cuta daga gidan a daren, ya kai shi asibiti, ya raka shi wurin hukuma. Shaƙe wuya musamman ba abin wasa ba ne. Masu nazarin kisan da ake yi wa mata a gidajen aure sun daɗe da gano cewa yana cikin manyan alamun da ke gabatar kisa. Mai unguwar da ya mayar da irin wannan mata ɗakinta da kalmar haƙuri, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Akwai kuma yaran da ba su da zauren da za a tara dominsu. 'Yar aikin da dillaliya ta kawo daga ƙauye, ana biyan kuɗinta ga wani can, tana kwana a kicin, ba wanda ya san sunan mahaifinta. 'Yar tallan da ke shiga garejin makanikai da kangon magina da farantin gyaɗa, an ce kada ta dawo sai ta sayar. Almajirin da ke wanke-wanke a gidan da babu mai tambayar abin da ke faruwa da shi, kuma shi namiji ne, ko ya faɗa ba a san ma sunan da za a kira abin ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma waɗannan su ne na ba kowa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala, wasu suka ba da labarin lalatar da aka yi da su. A watan da ya biyo baya aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Gidajen nan ba a daji suke ba. A tsakiyar mutane suke, kuma iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu don a gyara musu tarbiyya, saboda shaye-shaye ya fi ƙarfinsu kuma babu wani wurin da za su nufa. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro, domin a nan al'umma ba shiru kawai ta yi ba, gani take ana yi mata aiki.

Shi ya sa duk mai kiran a bar wa jama'a tsaron kansu ya kamata ya san jama'ar ma a kan sa mata linzami. Taron da ya kama mai laifi yau shi ne gobe zai kashe marar laifi a kan ihun ɓarawon yara. Duka a bakin titi ba ya warkar da yarinya, yana ma lalata shari'ar. Masu gadin ma sai an yi gadinsu: a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanonin 'yan gudun hijira 7 na Maiduguri, waɗanda suka ce shugabannin sansani da 'yan sintiri da jami'an tsaro ne suka yi musu fyaɗe ko suka yi lalata da su a kan abinci da izinin fita. Duk inda aka ba namiji sanda da iko a kan mace mai jin yunwa, ba a kuma sa wani ido a kansa ba, abin da zai biyo baya sananne ne, ko a sansani ko a kwamitin unguwa.

To me zai yi aiki? Ni dai na ga abu ɗaya da ya taɓa yi a ƙasar nan. Bayan turjiyar da aka yi wa rigakafin shan-inna a 2003, abin bai daidaita ba sai da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Aka ɗora wa mai unguwa sanin gidan da aka haihu da gidan da aka ƙi, dagaci ya tambaye shi, hakimi ya tambayi dagaci, sarki ya tambayi hakimi. Aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, inda namiji ba ya shiga. A Agustan 2020 aka tabbatar asalin nau'in cutar ya kau. Tsarin da ya iya ƙirga jarirai lungu-lungu ba zai kasa sanin gidan da ake azabtar da 'yar riƙo ba. Bambancin kawai shi ne a wancan an tambayi mai unguwa, a wannan kuwa yabonsa ake yi in unguwarsa ba a jin kanta. Ranar da hakimi ya fara tambayar yara nawa ka kai asibiti, magana nawa ka miƙa, kuma ya tuɓe wanda ya binne fyaɗe, lissafin zauren zai sauya.

Amma sarauta ta maza ce, abin kuma a cikin gida yake faruwa. Yarinya ba za ta buɗe baki a gaban dattawa goma ba. Wadda za ta faɗa wa ita ce ungozoma, ko malamarta, ko wata inna da ta saba da ita. Wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa dattijan mata masu mutunci da ake kira jaji, su riƙa kai karatu ƙauyuka suna kuma kawo mata matsalolin mata. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 tana da rassa har ƙananan hukumomi, ga ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, ga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA masu tsaya wa marasa hali a kotu kyauta. Abin da ya rage shi ne a haɗa bakin zaren: kowace unguwa ta san mace biyu ko uku da za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare, su kuma su san lambar cibiya da ta lauya, kuma a ba su kujera a zauren, ba a aika musu da sakamako ba. Sharaɗinsu na farko riƙe sirri. Matar da za ta ji a yau gobe a ji a gidan biki ta fi rashinta illa.

Maza ma akwai hanyar shigo da su. A jihar Damagaram ta Nijar aka fara makarantar mazaje da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake zaɓo magidantan da ake ganin girmansu su riƙa zama suna tattauna lafiyar iyali, su kuma je su shawo kan 'yan'uwansu. Don awon ciki da haihuwa a asibiti aka kafa ta, kuma ta bazu a faɗin Nijar har ƙasashen maƙwabta. Dabarar ita ce abin ɗauka: namijin da ba zai saurari ma'aikaciya daga birni ba yakan saurari abokin majalisarsa. Liman ma in ya ɗauki huɗuba guda ya kira abin da sunansa, ya ce wanda aka yi wa ba shi ne abin kunya ba, ya yi aikin da taron bita goma a otal bai yi ba.

Ina da ƙorafi a kan kwamitocin da ƙungiyoyin agaji ke kafawa. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi aiki a Sakkwato da Adamawa da wasu jihohi daga 2019 zuwa 2023, kuma ya bar abubuwan kirki. Amma duk shiri na da ranar ƙarewa, kuma kwamitin da aka ɗora a kan kuɗin zama da riga mai tambari yakan watse ranar da kuɗin ya tsaya. Abin da ake kashewa ba shi da yawa: kuɗin A Daidaita Sahu zuwa asibiti, kuɗin kati, abincin kwana biyu, kuɗin motar zuwa kotu duk ranar zama. Unguwar da ke haɗa kuɗin gyaran taransifoma da na 'yan sintiri duk wata ba za ta gaza wannan ba, kuma asusun masallaci da adashin mata duk suna iya ɗauka.

Abin da ya fi wuya shi ne wurin kwana. Gidajen fakewa na gwamnati ƙalilan ne, mace kuma ba ta barin gidan da ake dukanta in ba ta san inda za ta shimfiɗa wa 'ya'yanta tabarma ba. A da gidan mai gari da gidan liman da gidan alƙali mafaka ne, wadda ta shiga ba mai biyo ta ciki. Ana iya dawo da wannan, da sharaɗin a hannun matan gidan za ta zauna kuma da sanin hukuma. Sai babbar matsalar da ke sa uwaye da yawa haɗiye magana: idan mai laifin shi ne mai ciyar da gidan, ranar da aka tafi da shi ranar abinci ke yankewa. Uwar da ta kai mijinta ƙara saboda 'yarta za ta rasa miji, ta rasa dangin miji, wani lokaci har nata dangin su juya mata baya, ga yara biyar ga kuɗin haya. In ana son ta yi wannan jarumta, sai ta ga buhun masara a ƙofarta a makon farko, ta ga an biya wa yaran kuɗin makaranta, an sa ta cikin masu karɓar zakka, an ba ta jarin da za ta riƙe kanta har shari'ar ta ƙare, ko da za ta kai shekara biyu.